Kwantiragin 'yan wasa a gem ɗin Out of the Park Baseball

Samarin da ke zama a shagunan cajin waya a Ringim da Ɗambatta sun saba da Football Manager, inda ake sayen ɗan wasa a sayar da shi da riba. Duk wanda ya shiga Out of the Park Baseball, gem ɗin tafiyar da ƙungiyar besbol, ko OOTP Go na waya, da wannan lissafin, zai sha mamaki. A besbol ɗin Amurka musayar 'yan wasa ake yi, kuma kwantiragin mutum na bin sa duk inda aka kai shi.

Abu na farko da za ka duba a shafin ɗan wasa shi ne kwanakin da ya yi a babbar ƙungiya. Kwana 172 ake ƙirgawa shekara guda. A shekaru uku na farko kai ne da wuƙa da nama: za ka iya biyan sa mafi ƙarancin albashi, wanda ya kai dala 740,000 a 2024, ko da shi ne gwarzon ƙungiyar. Daga shekara uku zuwa shida sai a shiga shari'ar albashi. Kai ka kawo adadi, shi ma ya kawo nasa, masu hukunci su ɗauki ɗaya daga ciki, ba a raba tsakiya. Wasu 'yan kaɗan da suka fi yawan kwanaki cikin masu shekara biyu sukan shiga wannan layin da wuri. Da ya cika shekara shida kuwa, ya zama mai cin gashin kansa, kowa na iya taya shi.

Shi ya sa ake jan ƙafa wajen ɗauko yaro daga ƙananan ƙungiyoyin renon 'yan wasa da ke ƙarƙashin babbar ƙungiya. A 2015 Chicago Cubs ta jinkirta ɗauko Kris Bryant har ya ƙare kakar da kwana 171, saura kwana ɗaya tak, ta ci ribar shekara guda a kansa. Dabarar tana aiki a gem ɗin ma, in ka riƙe yaron kusan mako biyu a farkon kaka.

Ribar gaske tana wajen tsawaita kwantiragi da wuri, kamar mai sayen gero da kaka ya zuba a rumbu. Yaro mai shekara 23 ko 24 da ya nuna ƙwarewa, ba shi shekara shida ko bakwai, ka haɗiye shekarun shari'ar duka da ɗaya ko biyu na 'yancinsa, ka sa ta ƙarshe ta zama zaɓin ƙungiya, wato ƙungiya ce ke da ikon riƙe shi ko sakin sa a shekarar. Amma fa duba halinsa tukuna. Mai kwaɗayin kuɗi yakan ƙi, ya jira kasuwa. Duba kuma yadda jikinsa yake da rauni, musamman mai jifa, don gwiwar hannu ba ta da tabbas.

Inda aka fi kwana ciki shi ne bai wa ɗan shekara 31 kwantiragin shekara bakwai. Kuɗin tabbatacce ne, ko ka kore shi sai ka biya har ƙarshe, ga shi ƙarfinsa na raguwa kowace kaka. Tura kaso mai tsoka zuwa shekarun ƙarshe bashin taki ne, ranar biya na nan tafe, kuma harajin manyan masu kashe kuɗi da matsakaicin albashin shekara ake lissafa shi. In ka ƙara masa da sharaɗin hana musaya, to ka ɗaure kanka da igiyarka.

Sai jerin mutum 40, wato 'yan wasan da babbar ƙungiya ta yi wa rajista. Ɗan wasan da ke ciki yana da kaka uku da za ka iya sauke shi zuwa ƙananan ƙungiyoyi. In sun ƙare, dole ka fara bijiro da shi ga sauran ƙungiyoyi, wata ta iya ɗauke shi da kwantiraginsa. Yaron da ya daɗe a ƙasa, kaka biyar in an ɗauke shi yana ɗan 18 ko ƙasa, huɗu in ya girmi haka, sa shi cikin 40 ɗin tun a Nuwamba, kafin zaɓen Disamba da ake kira Rule 5, inda sauran ƙungiyoyi ke ɗaukar irin waɗannan yaran da ba sa cikin 40, ya tafi da shi.