Reshen murjani a kan teburina

Mu biyar ne a kamfanin: ni, masu yanka biyu, mai huda, da wata baiwar Allah da ke jera ƙwayoyi a zare. Aikinmu jan murjani. Mukan sayo shi ɗanye, mu yanka, mu wasa, mu goge, mu ɗora a kan zinariya ko azurfa. Duk yaron da na ɗauka aiki, ranar farko ba na ba shi zarto. Reshe guda nake miƙa masa in ce ya gaya mini mene ne. Wani ya ce dutse, wani ya ce saiwar itace. Har yau ba a samu wanda ya ce dabba ba.

Alhali dabba ce, ko in ce taron dabbobi. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne farare, kowacce da hannuwa takwas, suna zaune jingim a kan reshe ɗaya suna cafke abincin da ruwa ya kawo. Jan abin da muke sayarwa ƙashinsu ne, da sinadarin alli suke gina shi. Masana na kiran wannan jinsi Corallium rubrum, kuma gidansa Tekun Bahar Rum, a kogunan ƙarƙashin ruwa da inuwar duwatsu inda haske bai cika kaiwa ba.

Abin da ya ɗaure sana'ar nan gaba ɗaya shi ne nawar girmansa. Kaurin reshe ba ya ƙaruwa da milimita ɗaya a shekara, sau da yawa ko rabin haka ba ya kaiwa. Idan mai saye ta ce tana son sarƙa mai ƙwayoyi milimita 10, kai ɗaya, launi ɗaya, abin da take nema shi ne rassan da watakila sun girme ta, kuma da yawa, domin reshe ba ya zuwa a miƙe. Yana da lanƙwasa, yana da ramukan da ƙananan halittu suka ɓula, yana da tsaga da ba ka gani sai ƙarfen huda ya shiga. Abin da ke zama gari da ɓaraguzai a wurin yanka ya kan fi abin da ke kaiwa wuyan mutum. Shi ya sa ba na barin kowa ya sa zarto kafin mu juya reshen a hannu mu yi shawara. Murjani ba shi da tauri, tsakanin 3 da 4 yake a ma'aunin Mohs, wato ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, wuƙa ma tana kartarsa. Da ruwa muke wasa shi don kada zafi ya ɓata launin.

A da, jiragen Torre del Greco, garin da ke kusa da Naples a Italiya inda aka buɗe masana'antar sassaƙa murjani tun 1805, wani katon gicciye na katako ko ƙarfe suke ja a ƙasan teku da tsummokaran raga a jikinsa. Ya karya babba, ya karya ƙarami, abin da raga ta kama a ɗauko, saura ya mutu a can. Tarayyar Turai ta haramta wannan a 1994. Daga 2011 hukumar kamun kifi ta Bahar Rum, GFCM, ta hana cire murjani a zurfin da bai kai mita 50 ba, ta ce mai nutso da guduma kaɗai zai cira, sannan a 2012 ta ƙara da cewa sai kaurin gindin reshe ya kai milimita 7 kafin a cire. Aljeriya kuwa rufe ruwanta ta yi gaba ɗaya a 2001, aka yi shekaru ba a taɓa ba. Na san abokan sana'a da suka yi ta ƙorafi a kan tsadar da wannan ya jawo. Ni dai a ganina dokar ma ta yi latti, ga shi zafin ruwan da aka yi a 1999 da 2003 ya kashe murjani mai yawa a gaɓar Faransa da Italiya ba tare da guduma ta taɓa shi ba. Sau biyu, a 2007 da 2010, aka nemi CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ido a kan cinikin wannan dangi tsakanin ƙasashe, ba a samu isassun ƙuri'u ba. Saboda haka nauyin tambaya ya dawo kan irinmu: wane ruwa, wane lasisi, wace shekara. Dillalin da ya fara kame-kame a kan takarda, mun rabu lafiya.

Wannan darasi da kuɗina na saye shi. Farkon shigata wani dillali ya kawo mini ƙwayoyi manya, jajaye wur, a farashin da ya kamata ya tsorata ni. Araha ba ta ado. Mai hudarmu ce ta ga cikin ramin fari ne. Na jiƙa auduga da man goge jan farce na shafa, audugar ta yi ja. Wani farin murjani ne mai gaɓoɓi kamar gora aka rina. Na gaske launinsa har ciki yake, kuma a ƙarƙashin gilashin dubawa za ka ga siraran layuka suna bin tsawon reshe. Kwalba da roba ba su da su.

Na Japan daban ne, yakan fi girma, kuma ja mai duhun da suke kira "aka" da Japananci yana da farin tabo a tsakiya wanda na Bahar Rum ba shi da shi. Ban cika taɓa shi ba, jarina bai kai ba.

Yanzu rabin aikinmu tsohon kaya ne. Mata na kawo sarƙoƙin kakanninsu da suka dushe saboda turare da gumi, domin duk abu mai tsami cin murjani yake. Mu kwance, mu wanke, mu goge sama-sama, mu sake jerawa da ƙulli tsakanin ƙwaya da ƙwaya don kada su riƙa gugar juna. Makon jiya wata ta kawo guda mai ruwan lemo, irin wanda aka gano a tekun garin Sciacca, a gaɓar tsibirin Sisili na Italiya, a 1875. Ƙwaya biyu sun fashe, ta ce in maye mata. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, in na sa sabo zai fita daban." Mun rage tsawon, muka ƙara maɗaurin zinariya a baya, ɓaraguzan biyun kuma na yi mata 'yan kunne da su.