Abin da zana gine-ginen Ferstel da hannu ya koya mini

Lokacin da aiki ya kai ni Biyana, babban birnin Ostiriya, na ɗora wa kaina wani nauyi: in zaɓi mai tsara gine-gine guda ɗaya na ƙarni na 19, in bi ayyukansa da ƙafa, in zana su da fensiri ba tare da dogaro da hoton waya ba. Na zaɓi Heinrich von Ferstel, wanda aka haifa a birnin a 1828 ya rasu a 1883. Dalilina shi ne a makaranta an nuna mana mutanen zamaninsa a matsayin masu kwaikwayon tsofaffin salo kawai, kuma ina son in gani da idona ko haka abin yake.

Na fara da majami'ar Votivkirche, wadda ita ta fito da sunansa. A watan Fabrairun 1853 wani tela ɗan ƙasar Hangare ya kai wa Sarki Franz Joseph hari da wuƙa, bai yi nasara ba. Ƙanin sarkin, Maximilian, ya nemi jama'a su tara kuɗi a gina wurin ibada don godiya. Aka buɗe gasa, Ferstel ya cinye ta yana ɗan shekara 26. An aza harsashi a 1856, ba a buɗe ginin ba sai 1879, wato shekara 23 na rayuwarsa a kan aiki guda. Shi kuwa Maximilian bai ga ƙarshensa ba, domin an harbe shi a Meziko a 1867.

Ido yakan tafi kai tsaye ga hasumiya biyun nan masu tsawon mita 99, amma hannu ba ya yarda da gaggawa. Da na zauna a gefen ginin ina bin layukansa, dole ta sa na tambayi kowane dutse aikin da yake yi. Rufin ciki yana tura bango waje, sai a sa tokara ta dutse daga waje ta karɓi turin ta sauke shi kan ginshiƙi, sannan a ɗora wa ginshiƙin ɗan tsini mai nauyi don ya danne shi. Abin da na ɗauka ado ne ashe lissafi ne. Saboda bangon ya huta da ɗaukar kaya, sai aka samu damar buɗe manyan tagogi haske ya shiga. Wanda ya kwafi fuskar tsohon gini kawai ba zai iya wannan ba. Sai wanda ya fahimci yadda nauyi ke tafiya daga sama har ƙasa.

Inda na fi daɗewa shi ne ginin da yanzu ake kira Palais Ferstel, wanda ya yi wa babban banki da kasuwar hannun jari, aka gama a 1860. Filin ba shi da kyawun siffa, matsattse ne, a karkace tsakanin titin Herrengasse da dandalin Freyung. Na yi ta ƙoƙarin fitar da taswirarsa daga takun ƙafata. Maimakon ya yi faɗa da filin, sai ya ratsa shi da wani dogon lungu mai rufin gilashi, da shaguna hagu da dama, ya kai shi ga ɗan fili mai maɓuɓɓugar ruwa. Mai wucewa ba zai taɓa jin karkatar ba. A nan ne aka buɗe gidan shan kofi na Café Central a 1876, kuma har yau mutane na bin layi don su shiga. A ganina wannan ne aikinsa mafi wayo, ko da yake majami'ar ta fi shi suna. Ya kuma nace a yi amfani da dutse na gaske, a lokacin da ake yawan yaɓa filasta a yi mata fenti ta yi kama da dutse.

Gidan tarihin fasaha da masana'antu da ya kammala a 1871 na tubalin jan bulo ne, da zane da aka kankare a jikin yaɓe. Shi na zana shi da sauri.

Babban ginin Jami'ar Biyana, a kan titin Ringstrasse da aka shimfiɗa inda ganuwar birni take a da, salon Italiya ya bi, ba na majami'ar da ke kusa da shi ba. Da farko sauyin ya dame ni: mutum ɗaya, harsuna daban-daban. Amma da na shiga farfajiyar ciki na gane tunaninsa. Fili ne buɗaɗɗe da baranda mai baka-baka ta kewaye shi, mutum-mutumin malamai a jere a jikin bango, ɗalibai na zaune suna karatu, hayaniyar titi ta yanke. Aikin tsakar gida yake yi, inda duk ɗakuna ke fuskanta kuma kowa ke haɗuwa. Ferstel bai ga buɗe shi ba, an yi bikin a 1884, shekara guda bayan rasuwarsa.

Akwai abin da ban so ba, kuma zan faɗa. Dutsen majami'ar bai jure hayaƙin birni da ruwan sama ba, shi ya sa aka shafe shekaru masu yawa ana gyara da kuɗi mai tsoka. Yanzu duk lokacin da zan zaɓi kayan gini nakan tambayi wa zai kula da shi bayan shekara 50, kuma da wane aljihu.

Daga baya na hau taragon lantarki zuwa unguwar Währing, inda ƙungiyar da ya taimaka aka kafa a 1872 ta gina gidajen iyali masu lambu, don ya tsani yadda ake cusa mutane a manyan gidajen haya marasa iska. Titunan a miƙe suke, bishiyoyi a jere, gidajen ba su tare wa juna rana. Shafukan da na cika a can su nake buɗewa idan wani ya kawo mini ƙaramin fili yana son in matse masa ɗakuna a kai.