Talata: kaji uku da saƙon Inna

Yau da asuba na tarar da kaji uku sun mutu a keji. Ban gama kwashe su ba sai ga Inna da waya a hannu. Wai an turo saƙon murya a WhatsApp cewa wasu na haɗa ƙwayar cuta suna yaɗawa, kuma yadda ake haɗawar duk yana intanet. "Ka gani, da kajinka aka fara."

Na ce, "Inna, zafi ne. Kwana biyu ba wuta."

Na faɗa ne kawai, amma gabana ya faɗi. Duk mai kiwon kaji a Kaduna bai manta Fabrairun 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jaji, karon farko a Afirka.

Bayan la'asar Auta ya shigo, shi da ke karatun ƙananan halittu a jami'a. Na zata dariya zai yi, sai ya gyara zama. Ya ce a 2011 masana a Holan da Amurka sun sauya ƙwayar murar tsuntsayen, wato H5N1, har ta riƙa bin iska tsakanin dabbobin gwaji. Aka yi ta jayayya ko a buga sakamakon ko a ɓoye, a 2012 aka buga. Wannan bai yi mini daɗi ba, ko da sun ce don shirin rigakafi ne.

"Yaya, ganin yadda ake haɗawa kaɗai bai isa ba," in ji shi. Wata ƙungiyar addini ta Japan, Aum Shinrikyo, da kuɗinta da masananta, ta fesa ƙwayar antiraks, cuta mai kisa, a Tokyo a 1993, ba wanda ya kamu. Na tuna masa wasiƙun Amurka na 2001 masu ɗauke da antiraks da suka kashe mutum biyar. Ya ce ai masu bincike sun ce daga ɗakin gwajin soja ƙwayar ta fito, ba daga intanet ba.

Ban gamsu duka ba. Sai dai ni abin da na gani da idona shi ne daren Ebola na 2014, da aka tashe mu wankan ruwan gishiri saboda saƙon waya. Har sha Inna ta yi, ga hawan jini.

Kajin suna cikin leda, gobe zan kai wa likitan dabbobi. Inna kuwa ta riga ta tura saƙon zauren 'yan Islamiyyarsu.