Saƙon Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mini

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa a makon jiya na zauna jarrabawar ƙwarewa ta aikin akanta har na miƙa takardar ƙarshe. Sakamako bai fito ba tukuna, amma ba zan jira shi ba kafin in yi godiya, domin zaman jarrabawar shi ne ya gagare ni shekara uku.

Tun da na faɗi sau biyu a jere tsoro ya shige ni. Nakan biya kuɗin rajista in yi karatu, amma da ranar ta zo sai gabana ya yi ta faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Akwai safiyar da na hau Keke Napep, muna isa Kasuwar Barci na ce a sauke ni, na koma gida na ce wa maiɗakina an ɗage jarrabawar. Ta san ba haka ba ne, amma ba ta tozarta ni ba, sai ta je ta sami yayana. Allah ya saka mata da alheri.

Yaya, na gode da ka riƙe hannuna zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke unguwar Barnawa a Kaduna, alhali a garin nan kowa ya san abin da ake nufi idan aka ce an kai wane Barnawa. Wannan kunyar ce ta hana ni zuwa da wuri. Limamin unguwarmu ne ya warware mini ita, da ya tuna mini cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Godiya ta musamman ga masaniyar halayyar ɗan Adam da ta riƙa zama da ni duk mako. Ba ta taɓa ce mini "ka daure kawai" ba. Littafin rubutu ta sa na saya, duk lokacin da zuciyata ta raya mini cewa zan zama abin dariya, in rubuta, sannan in kawo hujja a ƙarƙashinsa. Sau da yawa nakan rasa hujjar. Daga nan ta sa ni amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabana, minti 20 da farko, muna ƙarawa sannu a hankali har na iya zama awa uku.

Ranar jarrabawar gabana ya faɗi kamar da, amma na ja numfashi yadda ta koya mini, na yi bismillah na buɗe takarda. Ina roƙon ku taya ni da addu'a kan sakamakon.