Godiya bayan kammala zauren gidan Kaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi. Jiya bayan la'asar aka kwance katakon ƙarshe daga jikin zauren gidan Kaka da muka gyara a birnin Zariya, aka share ƙofar gida, Malam Liman ya yi addu'a aka shafa. Sai yau na samu na zauna. Muryata ta dishe, bayana na ciwo, har yanzu akwai jar ƙasa a ƙarƙashin farcena, amma na ce ba zan kwanta ba sai na rubuta wannan, don kada gajiya ta sa hakkin mutane ya kwana a kaina.

Ba sai na maimaita muku labari ba. Kun ga hotuna tun safiyar da ruwan Agusta ya kwantar da fuskar zauren, kun bi mu lokacin tubali, lokacin da kuɗi suka yanke, da lokacin da Baba magini ya kwanta asibiti komai ya tsaya cik. Kun kuma san abin da zauren nan yake a wurin mutanen unguwa. Sunan gidanmu kawai yake amsawa. A cikinsa aka ɗaura auren rabin unguwar nan, a nan ake raɗin suna, a nan ake zaman makoki, kuma da yawanmu a nan muka fara riƙe allo.

Abin da ban taɓa faɗa a nan ba shi ne, saura ƙiris aikin ya watse a kan zanen bango. Ba kuɗi ba ne suka so raba mu. Da gini ya kai, aka yi rufi, aka zo maganar ado, sai samari suka ce tunda su suka taka ƙasa da ƙafarsu, suna so a sa wani abu na zamaninsu a jiki, wayar hannu da keke napep. Dattawa suka ce ba a gidan nan ba. Kawu ya ce dagi da takobi kaɗai ya sani a bangon tun yana yaro, kuma ba zai zauna yana gani a mayar da zauren ubansa jikin mota ba. Gaskiyar magana ita ce tsohon zanen ya daɗe da shafewa, an yi ta yaɓe a kansa shekara da shekaru, kowa kuma yana rantsuwa da abin da ya tuna. Yaran suka ajiye kwanonin ɗiban ƙasa suka koma bakin titi. Na bi wannan na bi wancan, babu wanda ya sauko. A daren nan na cire rai.

Bayan isha'i sai ga yarinya, wai Gwaggo ta gidan bayan masallaci tana kirana. Ba jininmu ba ce, maigidanta ne aminin Kaka, kuma tun rasuwarsa ba ta cika fita ba. Na same ta a kan tabarma da fitila a gefe, adakarta a buɗe. Muka gaisa, ta ce, "Ɗan nan, ina jin hayaniyarku har nan. Zauna." Ta zaro wani tsohon zane na saƙi daga can ƙasa, ta warware shi a hankali, sai ga hoto baƙi da fari, gefensa duk ya ci. Ta miƙo mini da hannu biyu ta ce, "Ungo. Kada ka dubi mutumin, dubi bayansa."

Marigayi maigidanta ne yana saurayi, tsaye a ƙofar zaurenmu da babbar riga. Ta ce an ɗauke shi a shekarar aurensu, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, wato 1973. Na matso da fitila. Ga dagi a saman ƙofa, ga takubba biyu dama da hagu, kamar yadda Kawu ya ce. Amma a gefen dama, daidai kafaɗar marigayin, ga keke nan ɓaro-ɓaro da ƙafafunsa biyu da sirdinsa, a samansa kuma agogon bango. Na rasa abin cewa. Ta ce, "Ka kai musu su gani. Amma ka dawo mini da shi gobe kafin in kwanta, shi kaɗai gare ni." Jikokinta ma sun ce ba su taɓa ganin hoton ba. Matar da ko sunan mijinta ba ta taɓa kamawa ba ta fito da shi, ta yarda ya zaga hannun maza a ƙofar gida, don kawai yaran unguwa su koma aiki. Na san ba za ta so in ambace ta ba, kuma na san sai an kai mata labari ta yi mini faɗa. Gwaggo ki yi haƙuri, ba zan iya yin shiru ba. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada ku a Aljanna Firdausi bayan tsawon rai mai albarka.

Da safe da Baba magini ya karɓi hoton, ya daɗe yana kallo, ya kai shi kusa da ido ya dawo da shi. Sai ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ubangidana ne ya zana keken nan, ni nake miƙa masa ƙasa. Wallahi na manta." Ya ce a lokacin duk mai hali a birnin Zariya yana so a sa masa keke, ko agogo, ko mota, ko jirgin sama a fuskar gida. Kawu ya karɓa ya duba, ya yi shiru, can ya ce, "To a sa musu wayarsu. Amma ƙasa da dagi." Malam Liman ya ƙara da cewa banda mai rai, kowa ya amince. Kafin azahar yaran sun dawo.

Baba magini, ban san da bakin da zan gode maka ba. Mutumin da likita ya ce ya huta, aka riƙa kawo shi a bayan babur ana ajiye masa kujera a inuwar darbejiya, daga nan yake gudanar da komai da sandarsa. Shi ya koya wa yaranmu yadda ake kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a taka, a bar ta ta kwana ta sha ruwa, a sake takawa. Shi ya nuna musu yadda ake dunƙula tubali da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya a rana, a jera shi kan yana duban sama. Ya ƙi karɓar azarar da aka fara kawowa, ya ƙwanƙwasa ta ya ce wannan ba ta ƙosa ba, gara za ta cinye ta, sai da aka nemo ta giginyar da ta tsufa. Rufi kuwa ya ce laso za a yi irin na da. Da yawanmu sai a bakinsa muka fara jin yadda ake haɗa shi: katsi daga ramin marina, gashin jima daga wurin majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Katsin sai da aka je har Ƙofar Mata a Kano, marinar da ake cewa tun 1498 take. Direban da ya ɗauko mana buhunan a motarsa ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, Allah Ya tsare masa hanya.

Ranar zane ce ba zan manta ba. Ana yaɓa ƙasa da kauri, a zana da yatsa tun tana ɗanya, a ƙwaƙule gefe da tsohon cokali, a shafe da jiƙaƙƙen hannu, kuma dole a gama kafin rana ta kama ta. Hannun Baba yana rawa yanzu, ba ya iya jan layi. Sai ya zana dagin a ƙasa da sanda, ya sa wani yaro ɗan sakandare ya maimaita a turɓaya, ya share ya sake, ya share ya sake, har sai da ya gamsu, sannan ya ce ya hau. Yaron nan da aka sani da rigima a unguwa ya wuni a kan katako ko ruwa sai an tuna masa. Da ya sauko Baba bai yaba ba, ya dai ce, "Gobe ka zo da wuri." Waɗanda suka san Baba sun san abin da hakan ke nufi.

A nan ne ma ya ba su labarin Babban Gwani, Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Abin ya taɓa ni ƙwarai da na ga yaran da aka haifa a cikin ganuwar nan, suna sallar Juma'a a wurin, ba su san cewa ginin ƙasa da bakan gizon da ke ciki aikin hannun magini ɗan garinsu ba ne, ba su kuma san an kwaikwayi masallacin an gina irinsa a gidan tarihi na Jos ba. Ɗaliban zanen gine-gine da suke zuwa mana daga jami'ar da ke Samaru duk Asabar su suka ƙara musu da labarin Falke Barmu na ƙauyen Yama a jihar Tawa ta Nijar, maginin ƙasa da masallacinsa ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ɗaliban nan sun auna, sun ɗauki hoto, sun rubuta duk abin da Baba ya faɗa, kuma ba su ji kunyar cire takalmi su shiga kwaɓi ba. Allah Ya ba ku sa'ar karatu.

Iyayenmu mata, ku kuka rufe aikin. Daɓen zaure naku ne daga farko har ƙarshe. Inna mai koko ce ta jagoranta, ita ta ce a jiƙa makuba tun da wuri, ita ta aika gida-gida aka tattaro madaɓai, wasu an ciro su daga rumbu duk ƙura. Da aka fara bugu tsofaffi suka ɗauki waƙar daɓe, 'yanmata suka tsaya suna dariya suna ɗauka a waya. Ba a jima ba suka ajiye wayoyin suka durƙusa, suka karɓi amshi. Mu maza muna waje muna ji, wani dattijo a kusa da ni ya ce rabonsa da jin wannan waƙa tun auren ƙanwarsa. Banda haka, kullum sai an fito da abinci daga gidajen da na san su ma lallaɓawa suke. Kunu da safe, dambu ko ɗanwake da rana, ba a taɓa tambayarmu sisi ba.

'Yan acaɓan bakin layi, daren da hadarin farko ya taso zane bai gama bushewa ba, ku kuka zo da tamfol da ledojin rufe babura kuka tsaya cikin iska kuna riƙe da su har ruwa ya ɗauke. Ni a lokacin ƙafafuna rawa suke, na kasa komai sai salati. Ban san sunayen wasunku ba ma. Allah Ya san ku.

Ina gode wa Mai unguwa da ya tsaya aka ba mu wurin ɗiban ƙasa, da maƙwabtanmu na gidan da ke kan kwana, waɗanda ba addininmu ɗaya ba amma rijiyarsu muka yi ta ja har ta kusa ƙafewa, ba su taɓa ɗaure mana fuska ba. Ina gode wa duk wanda ya turo kuɗi, mai yawa da mai kaɗan. Akwai almajirin da ya kawo naira 200 a dunƙule ya ce a sayi ciyawa, don a zauren yake kwana lokacin sanyi. Akwai wata baiwar Allah daga Kumasi da ta ce kakanta daga unguwar nan ya tashi, ba ta taɓa zuwa Zariya ba, ta turo nata ta ce a yi mata addu'a. An yi, za a kuma ci gaba.

'Yan'uwa na jini da ke Abuja da Kaduna, na san kowa da uzurinsa, rayuwa ta yi tsada, hanya kuma ba daɗi. Ba na riƙe kowa. Sai dai da aka ce a rushe a zuba bulo a fitar da shaguna, saƙonni sun yi ta shigowa har tsakar dare, da aka ce za a gyara sai wayoyi suka yi shiru. Jiya Kawu ya yi ta waiwayen bakin layi har aka shafa fatiha. Ban ce masa komai ba, shi ma bai ce ba. Zauren dai na kakanmu ne mu duka, ƙofarsa a buɗe take duk ranar da kuka samu dama.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙasar nan, ko ya ɗebo ruwa, ko ya dafa, ko ya bayar, ko ya yi mana fatan alheri daga nesa, Ka gina masa gida a Aljanna. Ka ba Baba magini lafiya, Ka ƙara masa kwana masu amfani. Ka shirya mana yaran nan, Ka sa sana'ar nan ta zame musu abinci. Ka jiƙan Kaka da duk waɗanda aka yi wa salla a ƙofar zauren nan, Ka yafe musu, Ka kyautata namu zuwan. Ka zaunar da unguwarmu da garinmu da ƙasarmu lafiya. Amin summa amin.

Masu kwanoni, bokitai, tamfol da madaɓai, kayanku suna shigifa, an wanke an jera, a turo yara su ɗauka. Akwai tsani ɗaya na ƙarfe da har yanzu ba mu san mai shi ba. Don Allah a ja wa yara kunne kada su jingina ko su kankare zanen, kuma a ɗaure awaki zuwa ƙarshen mako, daɓen bai gama ƙarfi ba. Baba ya ce duk yaron da ke son ci gaba da koyo ya same shi a ƙofar zaure ranar Asabar da hantsi, akwai katangar Gwaggo da ke son yaɓe kafin damina ta kankama.