Jelar labari: darussa daga teburin labaran ƙetare

Ranar Litinin 19 ga Agusta, 1991, tun kafin a kira sallar asuba a nan, kamfanin dillancin labarai na Tarayyar Sobiyat, wato TASS, ya sanar da cewa Mikhail Gorbachev ba zai iya ci gaba da aikin shugaban ƙasa ba saboda rashin lafiya, mataimakinsa Gennady Yanayev ya karɓi ragama. Lafiyar Gorbachev ƙalau. Yana tsare ne a gidan hutunsa na Foros da ke Kirimiya, an katse masa wayoyi tun yammacin Lahadi, kuma mutum takwas ne suka kitsa abin, cikinsu har da shugaban hukumar leƙen asiri ta KGB Kryuchkov da ministan tsaro Yazov. Wanda duk ya yi aikin dare a ɗakin labaran rediyo a wancan zamani ya san irin wannan takarda, ya kuma san yadda take kai mai fassara ƙasa. Yanzu da nake shirin ajiye aiki, da ita zan fara, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Ga yadda ɓarnar take aukuwa. Labarin waya na Turanci, wato wanda kamfanonin dillancin labarai ke aikowa, yana fara faɗin magana, sai can ƙarshen jimla ya ambaci wanda ya faɗe ta. Mai fassara yana sauri, saura minti ashirin a shiga situdiyo, sai ya bi jimlar yadda ta zo: Gorbachev ya kasa aiki saboda rashin lafiya, Yanayev ya maye gurbinsa, in ji TASS. Har nan babu ƙarya. To amma fassarar Hausa ta fi asalinta tsawo kusan kullum, layi goma sha biyar na tafireta kuwa minti guda ne a bakin mai karatu, labaran duka minti biyar. Edita ya ɗauki biro zai rage, kuma hannun edita jela yake nema, domin haka aka koya masa: abu mai muhimmanci yana sama, a datse daga ƙasa. Ya soke "in ji TASS". Sai ya dubi kanun labarai, inda ba a son doguwar jimla, ya rubuta "Shugaba Gorbachev ya sauka saboda rashin lafiya." Kalma uku aka cire, aka ƙara guda, tashar ta zama kakakin masu juyin mulki da muryarta.

Abin kunyar shi ne mai sauraro ya riga ɗakin labarai ganewa. Mutumin da ya ji an kifar da Gowon yana taro a Kampala a 1975, ya ga na 1983 da na 1985, ya kwana da zullumin yunƙurin Orkar a Afrilun 1990, ko kuwa ɗan Nijar da ya san yadda Kountché ya hau a 1974, ba sai an gaya masa abin da "shugaba ba shi da lafiya, ga tankokin yaƙi a titi" yake nufi ba. A teburin mai shayi an gama yanke hukunci kafin ruwan zafi ya huce. Ko a ɗakin ajiye bayanai akwai amsar, da an leƙa: a Oktoban 1964 ma shugaban Sobiyat Khrushchev yana hutu a bakin teku aka kira shi Mosko aka raba shi da mulki, sanarwa ta ce tsufa ne da rashin lafiya.

Maganin ba wuya. A rediyo majiya ita ce kan jimla, domin kunne ba ya komawa baya ya duba kamar ido, kuma abin da ke kan jimla biro ba ya iya datse shi ba tare da ya rushe ta duka ba. "Kamfanin dillancin labaran gwamnatin Sobiyat ya ce..." A kuma lura da "na gwamnati" ɗin, yana cikin labarin. Sai zaɓen fi'ili, inda na ga ƙwararru suna tuntuɓe har yau. "Ya tabbatar" da "ya bayyana" duk suna nufin ka yarda da maganar. "Ya yi iƙirari" yana nufin kana shakka. "Wai" kuwa a bakin mai karanta labarai ba'a ce, kamar ya taɓe baki, kuma tasha ba ta taɓe baki. "Ya ce" shi ne jakin da ba ya kayar da kowa, ko sau biyar ya fito a labari ɗaya a bar shi. Haka nan "ya sauka", "an sauke shi", "an hamɓarar da shi", kowannensu hukunci ne daban. Da safiyar ranar abin da ke hannu shi ne: ga abin da TASS ya ce, an kafa dokar ta-ɓaci, sojoji suna shiga Mosko, kuma ba wanda ya ga Gorbachev ko ya ji muryarsa. Jimlar ƙarshen nan ita ce ke gaya wa mai sauraro gaskiya ba tare da tasha ta wuce gona da iri ba. Da rana ta yi, shugaban Rasha Boris Yeltsin ya hau tankar yaƙi ya kira abin juyin mulki, daga nan kalmar ta samu mai ita, a ce "Yeltsin ya ce". Zuwa Laraba yunƙurin ya wargaje, Gorbachev ya koma Mosko cikin daren Laraba wayewar Alhamis.

Akwai wani sashe na darasin da ba a koyarwa a kwas. In irin wannan ta faru, takardar tuhuma tana neman sunan da ke saman shafi ne, wato mai fassara, wanda sau da yawa shi ne ƙarami a ɗakin. Biron da ya yanke jela ba shi da suna. Babba zai ce bai tuna ba, ko ya ce haka aka kawo masa, kuma a taron safe ba a ƙaryata babba. Don haka kwafin kabon ɗinka naka ne, kada ka bar shi a kwandon kowa. Ka manna masa ainihin takardar wayar da ka yi aiki da ita, wadda lokacin fitowarta yake buge a jiki, ka ajiye aƙalla wata uku. Bayan an gama karatu, ka karɓo kwafin situdiyo mai ɗauke da gyaran biro kafin masu shara su zo. Ba lallai hakan ya sa a janye takardar tuhuma daga fayil ba, galibi ma ba a janyewa, amma wanda ya san kana ajiya yakan yi tunani sau biyu kafin ya jingina maka nasa. Yanzu da kwamfuta ke ajiye tarihin gyara, matasa suna ganin an wuce wurin. Gyaran da aka yi da baki a ƙofar situdiyo ba ya shiga kwamfuta.

Adadi shi ne rami na biyu. A Disamban 1989, lokacin boren Romaniya, an baza cewa an kashe mutum sama da 4,000 a garin Timisoara, har da hotunan gawawwaki. Daga baya ya tabbata gawawwakin daga maƙabartar talakawa aka tono su, waɗanda aka kashe a garin kuwa kusan 100 ne. Abin da ya yaudari ɗakunan labarai shi ne adadin ya shigo ta kamfanoni daban-daban, sai aka ɗauka majiyoyi ne da yawa, alhali kowa ɗauka yake daga ɗan'uwansa. In kamfani uku sun kawo adadi ɗaya, a karanta kowanne har ƙasa a ga daga wa ya ji. Sau da yawa kogi ɗaya ne ya rabu.

Yaƙin Tekun Fasha ya haɗa duka ramukan, ya ƙara da nasa. Bama-bamai sun fara sauka a Bagadaza wajen ƙarfe 2:40 na daren 17 ga Janairu, 1991. A Kano lokacin ɗaya saura na dare ne, ranar 17. A Kumasi kuwa har yanzu 16 ga wata ce, haka ma Washington, inda ƙarfe bakwai saura na yamma ne. Wanda ya fassara "jiya" ko "yau" daga takardar waya ba tare da ya mayar da ita agogon mai sauraro ba, ya ɓata ranar fara yaƙi. A faɗi sunan ranar, a faɗi agogon wace ƙasa. Sannan kusan duk abin da ke fitowa daga bakin sojoji yake, na wannan ɓangare ko na wancan. Shugaba Bush ya ce makaman Patriot na Amurka sun tare 41 daga cikin makamai masu linzami na Scud 42 da Iraƙi ta harba, binciken da ya biyo baya ya rage wannan ƙwarai. Yarinyar da ta ba da shaida a Washington a Oktoban 1990 cewa ta ga sojojin Iraƙi suna fitar da jarirai daga kwalabar asibiti a Kuwaiti, ashe ɗiyar jakadan Kuwaiti ce, sai a 1992 aka sani. A namu ɓangaren matsin daga wata fuskar yake zuwa: garin da ake raɗa wa jarirai suna Saddam ba ya son jin an ci Iraƙi da yaƙi, wasiƙu suna zuwa da zafi, kuma akwai editan da zai so a ɗan kumbura sanarwar Rediyon Bagadaza don a zauna lafiya da masu sauraro. Ita ma "ya ce" take ɗauka, daidai da ta Pentagon, ma'aikatar tsaron Amurka. Kalmomin da sojoji suke lulluɓe mutuwa da su kuma ba a fassara su da lulluɓinsu. Ranar 13 ga Fabrairu, 1991 an kashe fararen hula sama da 400 a maɓoyar Amiriyya da ke Bagadaza, haka za a faɗa.

Ruwanda ce ta fi yi mini nauyi, ko da yake can kusan duniya duka ta faɗa. Makonni ana cewa "rikicin ƙabilanci tsakanin Hutu da Tutsi", wanda a kunnen Bahaushe yake nufin ɓangare biyu suna faɗa, irin wanda ya sani. Abin da ke faruwa tun 7 ga Afrilu, 1994 daban ne: jerin sunaye, shingaye a hanya ana duba katin shaida, gidan rediyo yana nuna inda mutane suka ɓuya, kuma cikin waɗanda aka fara kashewa har da firaminista Agathe Uwilingiyimana, wadda Hutu ce. Kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari. Taka-tsantsan ɗin da yake daidai a Mosko, a nan ya zama rufa-rufa. Ko ba a kai ga cewa "kisan ƙare dangi" ba, ana iya faɗin wa yake kashe wa, da me, a ina, domin wannan yana cikin takardun waya tun makon farko.

Sauran ƙanana ne. Kada a rubuta abin da aka tsara kamar ya riga ya faru, domin an ce Mandela zai fito daga kurkukun Victor Verster ƙarfe uku ranar 11 ga Fabrairu, 1990, bai fito ba sai bayan huɗu. A gajeren zango "miliyan" da "biliyan" ɗaya suke a kunne, a ce "miliyan dubu". Sunan baƙo a tsayar da lafazinsa sau ɗaya, a rubuta a allo, kada na safe ya kira shugaban Romaniya na lokacin Shaushesku na dare ya ce Kosesku. Gyaran kuskure kuma a labarai na gaba ake yinsa, a fili, da jimla ɗaya, kuma edita ne ya kamata ya sa hannu a kansa.