Ba kowane link ne ke buƙatar sabon tab ba

Wai don Allah masu gina shafukan intanet, me ya sa kowane link sai kun sa ya buɗe a sabon tab ne? Na san amsar, wai kar mai karatu ya bar shafinku ya tafi wani waje. To ai wanda ya gama da kai ya gama, ko tab goma ka buɗe masa rufewa zai yi.

Ɗan rubutu ne fa guda, target="_blank", ana liƙa shi a jikin link shi ke nan, amma ɓarnarsa tana da yawa. Sabon tab ba shi da tarihin inda ka fito, shi ya sa a kwamfuta za ka ga maɓallin komawa baya ya yi dishi-dishi ya ƙi dannuwa. Mai ido zai ɗaga kai ya gane abin da ya faru. Amma makaho da ke aiki da manhajar karanta allo irin su NVDA ko JAWS, ko TalkBack da VoiceOver a waya, shi da kunne yake bin shafi, in sanarwar buɗe sabon tab ta wuce shi ko ba a ma yi ta ba sai ya yi ta danna Alt da kibiyar hagu yana jiran ya koma, shiru, bai san an riga an ɗauke shi an kai wani ɗaki ba. Haka mai raunin gani da ya zuƙo allo sosai, layin tab ɗin ma ba ya cikin abin da yake gani. Ga dattawa, ga masu saurin rikicewa, a waya kuma tab ɗin a ɓoye suke bayan wata 'yar lamba.

Kuma ba yau aka fara wannan kukan ba, tun 1999 Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da shafukan intanet, ya saka shi cikin manyan kurakuran tsara shafi. Ƙa'idojin WCAG ma, wato na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da intanet, waɗanda ƙungiyar tsara ƙa'idojin intanet ta W3C ta fitar, tun bugun 2008, suna da sharaɗi mai lamba 3.2.5 da ke cewa kar a sauya wa mutum inda yake sai in shi ya nema. Gaskiya yana matakin AAA ne, mafi tsauri a ƙa'idojin, wato ba kowa ake tilasta wa ba, shi ya sa ake yin biris da shi.

Ni abin da ya fi damuna, duk mai son sabon tab ai ya iya buɗewa da kansa, ya riƙe Ctrl ya danna, ko ya danne link ɗin a waya ya zaɓa. Wanda ba ya so kuwa ka riga ka yanke masa hukunci.

Akwai fa inda ya dace. Mutum yana tsakiyar cike fom mai tsawo, yana so ya leƙa sharuɗɗa ko bayanin taimako, in ka ɗauke shi daga shafin duk abin da ya rubuta na iya bin ruwa. Nan kam buɗe sabo, amma ka faɗa a cikin rubutun link ɗin kansa cewa zai buɗe a sabon tab, kar ka tsaya kan ɗan hoton kibiya da manhajar karanta allo ba za ta iya karantawa ba sai an yi masa bayani a rubuce. PDF ma haka, rubuta cewa PDF ne da nauyinsa, don wata wayar sauke shi kawai za ta yi ta cinye wa mutum data.